Darasi na 9: Sabon Inji, Tsohon Lagireto

Mu fara da misali. Direba ne mai bas ƙirar Hiace, yana jigila tsakanin Abuja da Jos. Injinsa 1RZ ne mai lita 2.0, ya tsufa, yana shan baƙin mai, in an cika fasinja da kaya sai ya kama nishi tun ba a kai rabin hawa ba. Ya tara kuɗi ya sayo injin 3RZ na Beljiyam mai lita 2.7, bakanike ya ɗora masa. Kwana biyu yana zagaya gari da motar, shiru. Rana ta uku ya yi lodi ya kama hanya. A tsakiyar Hawan Kibo allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujerar gaba, fasinjoji suka yi ta salati suna dirowa.

Ya buga wa bakaniken waya.

"Oga, injin nan da ka sa mini ba shi da lafiya."

"Haba Alhaji, lafiyar inji ƙalau. Kawo ta mu cire tamostat, mu ƙara mata fanka ta lantarki dairek, magana ta ƙare."

Direba bai gano bakin zaren ba, bakanike kuma ya gano rabi. Gaskiya ne injin ba shi da laifi, amma maganin da ya faɗa gyaran gangar Auzinawa ne. Abin da ya faru shi ne an kawo inji mai ƙarfin doki wajen 150 an haɗa shi da kayan sanyaya da aka auna wa mai doki wajen 100. Lagireto da tiyo da tulun ruwa suna manne da jikin mota, shi ya sa muke ɗaukarsu kayan bodi, muke barinsu a inda suke in mun fitar da inji. Alhali don inji aka auna su. Ranar da inji ya canja, lissafinsu ya rushe, sai an sake shi daga tushe. Sake wannan lissafi shi ne aikinmu na yau.

Daga ina zafin yake, ina kuma za shi?

Man da inji ke ƙonawa ba dukansa ke zama gudu ba. A ƙiyasi ana raba shi uku: kashi ɗaya ya juya taya, kashi ɗaya ya fice ta salansa, kashi ɗaya ya shige cikin ƙarfen inji, ruwa ya kwashe. Wato duk ƙarfin da inji ya bai wa taya, akwai zafi kusan kwatankwacinsa da ya zuba wa ruwa. Bas ɗin da ke hawa da ƙarfin kilowat 40 yana dafa ruwansa kamar an kunna hitar dafa ruwa mai wat 1,500 sama da guda ashirin a cikin bokiti ɗaya. Inji ya ƙara ƙarfi, hita ta ƙaru.

Zafin nan hanya ɗaya gare shi. Daga ƙarfe ya shiga ruwa, famfo ya tura ruwan ta tiyon sama zuwa lagireto, ruwa ya ratsa siraran bututu, iska ta bi ta cikin saƙar lagireto ta ɗauke zafin, ruwa ya koma inji ta tiyon ƙasa. Ku lura, lagireto ba ya kashe zafi, miƙa shi yake yi ga iska. Iska kuwa tana karɓa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafinta da na ruwan.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce ruwan inji yana digiri 90 a ma'aunin Selshiyas. A Beljiyam, ranar da zafin gari yake 20, tazara 70 ce. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ranar da zafin gari ya kai 42, tazara 48 ce kawai. Ku raba 48 da 70, za ku samu ƙasa da kashi bakwai cikin goma. Lagireto ɗaya ne, fanka ɗaya ce, amma kusan sulusin aikinsa ya tafi saboda rana kaɗai. In mota tana da esi, kwandensa tana gaban lagireto tana ƙara ɗumama iskar kafin ta iso. Wannan ne ya sa kamfanoni kan sa wa motocin da za su kai ƙasashe masu zafi lagireto mafi girma, kuma wannan ne ya sa bakaniken Arewa ba shi da damar yin aikin "zai iya" a nan wurin.

Tun inji yana ƙasa

Aikin sanyaya yana farawa ne kafin a ɗaga inji da sarƙa. Injin Beljiyam ya daɗe a ajiye, ya keto teku, ya sha rana a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba wanda ya san watannin da ya yi babu ruwa a cikinsa. Yanzu da yake ƙasa, ko'ina hannu yana kaiwa. A kwance famfon ruwa, wata-fam ɗin nan, a duba fuka-fukansa, don tsatsa kan cinye su su zama kamar haƙoran tsoho, famfo yana juyawa amma ba ya tura komai. A duba 'yan faya-fayan ƙarfen da ke toshe ramukan gefen bulok. Wanda ya fara jiƙa ko ya yi ja, a canja shi nan take, musamman na baya, wanda in an ɗora inji sai an sauke giyabos kafin a gan shi. A sa tiyon ruwan famfo na gida a wanke cikin bulok har ruwa ya fito fari.

Sannan a zauna a ƙirga bakunan ruwa da ke jikin injin. Ba biyu ne kawai ba. Ban da manyan nan na sama da ƙasa, akwai ƙanana masu zuwa hitar ɗumama cikin mota, akwai masu zuwa wajen totur, wasu injuna suna da masu zuwa abin sanyaya baƙin mai. Masu yanka mota a Turai da wuƙa suke datse su, su bar maka guntaye. Kowane baki a san inda ya fito da inda za shi. Mu nan ba mu cika damuwa da hita ba, shi ya sa ake cusa bol a tiyonta a ɗaure. A wasu injuna hakan ba komai, a wasu kuwa ta nan ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe, in an toshe sai wani sashe na tof silinda ya rasa ruwa mai gudana. In ba a tabbatar ba, a haɗa bakunan biyu da guntun tiyo, ruwa ya shiga nan ya fita can.

In da hali, a nemi ganin irin motar da injin ya fito daga cikinta, ko da rabin mota ce a kasuwar kayan gyara. A auna faɗi da tsayi da kaurin lagiretonta, a karanta lambar da ke kan murfinta, a ga irin fankarta. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da injin ya saba da shi. Ba a yin ƙasa da shi.

Lagireto, tiyo da iska

Da an ce mota tana zafi, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne a sa mai sel biyu. Yana taimakawa, amma ba ninki biyu ba. Iskar da ta ratsa layin farko ta riga ta ɗumama kafin ta kai na biyu, kuma saƙa mai kauri ta fi wuyar ratsawa, sai da fanka mai ƙarfi. Faɗin fuskar da ke kallon iska ya fi kauri amfani. Saboda haka in akwai wuri, a fara neman mai faɗi da tsayi, in wuri ya ƙare sannan a koma ga kauri.

In za a bar tsohon, to a kai shi wurin masu lagireto su buɗe su gani. Lagireton da ya shekara goma yana shan ruwan rijiya yakan yi farin dutse a ciki kamar gindin tsohuwar buta, rabin bututunsa a toshe. Tsohon inji mai rauni yana iya lallaɓawa da shi, sabo ba zai iya ba. Ta waje ma a duba: ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, fara da ƙudaje, duk suna cike saƙa, musamman a 'yar tazarar da ke tsakanin kwandensa da lagireto inda ido ba ya kaiwa. Idan sabon inji ya zo da giya otomatik alhali motar mai giyar hannu ce, a tuna man giyar ma yana bukatar sanyi. Ko dai lagireto mai bututun man giya a cikin tankinsa, ko a ɗaura ƙaramin abin sanyaya mai daban. Kuma a zaunar da lagireto a kan roba sama da ƙasa. In an ɗaure shi ƙarfe da ƙarfe, girgizar hanya za ta tsaga shi.

Tiyo kuma nan ne ake yawan kwaɓa. Bakin ruwan sabon inji yana hagu, na lagireto yana dama, ko wannan milimita 32 wancan 38. Sai ka ga an lanƙwasa tiyo har ya karye a gwiwa, ruwa na bi ta 'yar kafa. Gara a yanko gwiwoyi biyu daga tiyon da aka ƙera da lanƙwasa, a haɗa su da guntun bututu na alminiyam ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Bututun dole ya kasance da ɗan leɓe a kowane baki, kilif ya zauna a bayan leɓen. Bututu sumul, ko an matse kilif iya ƙarfi, ranar da ruwa ya ɗau matsi zai fizge. Tiyon ƙasa shi ne wanda famfo ke zuƙa ta cikinsa. In ya yi laushi ko ya yi tsawo, da an taka totur sai ya shafe kamar tsinken shan lemo da aka zuƙa da ƙarfi, da an saki ya koma daidai, bakanike ya duba bai ga komai ba. Shi ya sa wasu ke zuwa da waya mai murɗi a ciki. A sa yaro ya taka totur, a tsaya ana kallonsa. A nisantar da kowane tiyo daga salansa da fambel, a bar masa ɗan sassauci domin inji yana rawa a kan mazauninsa.

Yanzu iska. A kan babbar hanya gudun mota ne ke turo ta, a cunkoso kuwa fanka ce kaɗai. Rumfar robar nan da ke kewaye da fanka ita ce abu na farko da ake jefarwa bayan canjin inji, wai ba ta shiga. Ita ce kuwa ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin saƙar lagireto. In babu ita, fanka za ta riƙa jan iskar gefe tana kaɗawa a banza, ƙara mai yawa, aiki kaɗan. In ta asali ba ta shiga ba, mai gyaran bodi zai iya ƙera wata da falange. Fuka-fukan su zauna rabi ciki rabi waje, a bar tazarar kamar santimita biyu a kewaye don kada su taɓa in inji ya motsa. Fanka mai kuloci, wadda fambel ke juyawa, in inji ya yi zafi aka kashe shi aka juya ta da hannu ta yi ta wulwulawa babu turjiya, kulocin ya mutu.

Fankar lantarki kuma tana da nata tarkon. Akwai wadda aka ƙera ta zauna a baya ta jawo, akwai wadda aka ƙera ta zauna a gaba ta tura. Mai wayarin yana iya juya wayoyi biyu, fanka ta riƙa hura iska gaba tana faɗa da iskar hanya. A tsaye mota lafiya, da an kama gudu sai zafi. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a riƙe takarda a gaban lagireto, in ta manne daidai ne, in ta tashi an juya. Wutarta ta bi ta rile da fis, don tana jan wuta da yawa, musamman lokacin tashi. Duk wata kafa da ke gefen lagireto ko samansa a toshe ta da soso ko roba, domin iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi.

Maganar tamostat

A nan zan ɗan daɗe, domin kusan duk wanda ke ajin nan ya taɓa cire tamostat ko ya ga maigidansa ya cire. Hujjar da ake bayarwa ita ce na ƙasar sanyi ne, mu ba mu da ƙanƙara.

Tamostat ƙofa ce mai buɗe kanta. A cikinsa akwai kakin da ke kumbura in ya ji zafi, ya tura ƙofar. Lambar da ke jikinsa, kamar 82 da ake gani a injunan Toyota da yawa, ita ce zafin da yake fara buɗewa. Kafin nan yana tsare ruwa a cikin inji don ya yi saurin ɗumama. Bayan ya buɗe gaba ɗaya, aikinsa ya ƙare, saura ya rage ga lagireto da fanka. To ku duba: motar da ta kai digiri 110 a Hawan Kibo, tamostat ɗinta ya daɗe da buɗewa. In lafiyayye ne, cire shi ba zai ƙara wa lagireto faɗin ko yatsa ɗaya ba. Abin da cirewar ke yi shi ne jinkirta tashin allura, mota ta fita daga gareji a sanyaye, mai ita ya biya kuɗi, zafin ya same shi a can gaba inda babu bakanike.

Akwai abin da ya fi wannan. Tamostat na injuna da yawa yana da faifai na biyu a gindinsa. A cikin inji akwai gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa ba tare da ya je lagireto ba. Lokacin da babbar ƙofa ta buɗe, faifan nan yana rufe gajeriyar hanyar, ya tilasta wa ruwa duka ya bi ta lagireto. In an cire tamostat, hanyoyi biyu suna buɗe har abada, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye a cikin inji bai taɓa ganin iska ba. A irin wannan inji, cire tamostat ƙara zafi yake yi. Haka ma in an sa wanda ba shi da faifan don kawai bakinsa ya yi daidai.

Sai kuma ɓarnar sanyi. Inji mai birenbos, wato kwamfutar inji, yana tambayar sensa zafin ruwa kafin ya yanke yawan man da zai fesa. In ruwa bai ɗumama ba, kamar safiyar hunturu a Jos ko Zariya da fanka dairek, birenbos zai ɗauka yanzu aka tayar, ya yi ta ƙara mai. Fetur ya tafi, filogi ya yi baƙi, rarar man ta wanke baƙin mai daga jikin silinda, ringi ya ci. Direba ya ce sabon inji shaye-shaye gare shi, alhali mu muka hana shi ɗumi.

Tamostat yana lalacewa, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya maƙale a rufe zai dafa inji cikin mintoci. Maganinsa gwaji. A ɗaura masa zare a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunya. Kafin ruwa ya tafasa ya kamata a ga ya buɗe sosai, in an fitar ya huce ya rufe. Wanda ya faɗi jarrabawa a sayi sabo irin na injin da aka ɗora. Wajen sawa, in yana da 'yar ƙaramar kafa mai ɗan ƙarfe yana lilo, ta kalli sama, ta nan iska ke ficewa.

Murfi, allura da ruwan da za a zuba

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa, har ka ga an maye gurbinsa da leda da roba. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a tudun Jos kuwa wajen 96. Murfi yana riƙe matsi, matsi kuma yana ɗaga wurin tafasa. Mai lamba 0.9 yana kai shi wajen 118, mai 1.1 wajen 121, mai 1.4 wajen 126. Murfin da robarsa ta mutu ya mayar da mota tukunya marar murfi. Amma kada a ce bari a sa mai babbar lamba a kan tsohon lagireto, zai nemi wuri mafi rauni ya fasa.

Tsarin murfi iri biyu ne, kuma canjin inji yakan cakuɗa su. A yawancin motocin Japan murfin matsi yana kan lagireto, tulun robar da ke gefe na karɓar rara ne kawai. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura da kamar kashi huɗu cikin ɗari, ya tsiyaya cikin tulu, in ya huce murfin ya bar shi ya dawo. A Golf da Sharan kuwa, tulun nan mai kama da ƙwallo shi ne ke ɗauke da murfin matsi, ruwa yana ratsa shi kullum. In an haɗa injin wannan gida da bodin wancan, a zaɓi tsari ɗaya. Murfin matsi ɗaya tak, kuma ya zauna a wuri mafi tsayi, sama da tof silinda. In sabon inji ya fi bakin lagireto tsayi, iska za ta taru a kansa, famfo kuwa ba ya tura iska. Sai a ɗaga tulu sama, ko a sa wurin fitar da iska a kan tiyon sama.

Allurar dashbod ma tana iya yin ƙarya. Sensar da ke aika mata labari an yi ta ne daidai da agogon wannan mota. In an haɗa agogon tsohuwar mota da sensar sabon inji, allura tana iya zama a tsakiya alhali ruwa yana tafasa, ko ta kai ja alhali lafiya lau. Ƙa'idar ita ce sensar birenbos ta sabon inji ce, sensar allura kuma ta motar ce, a nemo mata mazauni kusa da inda ruwan zafi ke fita. Sannan a tabbatar da wani ma'auni na daban, ko na'urar kwamfuta da ake soka wa mota, ko ma'aunin nan mai kama da bindiga. Ba irin wanda aka yi ta ɗora mana a goshi lokacin korona ba, wannan iyakarsa zafin jikin mutum, akwai na masu aikin inji.

Ruwa kuma ba kowanne ba. 3RZ bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne, tof silinda alminiyam, lagireto ko tagulla ko alminiyam. Ƙarafa daban-daban a cikin ruwa ɗaya suna cin juna. Kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, yana da maganin wannan, ko da ba mu da ƙanƙarar da zai hana. A bi abin da aka rubuta a jikin galan: wani an riga an sirka shi, wani sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid. Launi ba ya nuna iri, kada a gauraya biyu don duka ja ne. Kuma guba ne mai zaƙi-zaƙi. Kada a zuba ragowarsa a robar lemo, kada a bar shi a kwano inda yaro ko akuya za su kai.

Wajen zubawa, a ɗaga gaban mota kaɗan, a buɗe hita in tana nan, a zuba a hankali ana matsa tiyo. Motocin Peugeot kamar 406 suna da 'yan sukurorin fitar da iska, a buɗe kowanne har ruwa ya fito babu kumfa. A tayar da inji har tamostat ya buɗe, a kashe, a bari ya huce sarai, a cika.

Gwaji kafin a miƙa makulli

Zagaye ɗaya a unguwa ba gwaji ba ne. A bar mota a tsaye tana aiki rabin awa da tsakar rana, esi a kunne. Sannan a hau babbar hanya da kaya. Sannan a nemi hawa. Inda zafin ya bayyana shi ke faɗin mai laifi. In a tsaye take zafi, da an kama gudu ta sauka, matsalar iska ce: fanka, rumfarta, kuloci ko rile. In a gari lafiya, a gudu ko a hawa take zafi, to ko lagireto ya yi kaɗan ko ya toshe, ko tiyon ƙasa yana shafewa, ko famfo ya gaji, ko fanka tana hurawa a juye. In allura tana hawa tana sauka ba dalili, akwai iska a ciki. In kuwa kumfa ba ta daina fitowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa daga salansa, an riga an taɓa tof gaskit.

Bas ɗin misalinmu, in aka bi shi da wannan ido, ba a rasa samun abu uku: tsohon lagireto mai layi ɗaya da dutse a cikinsa, rumfar fanka tana jingine a bangon gareji, da tiyon ƙasa da aka ƙara wa tsawo. Tamostat ɗin da aka so cirewa shi kaɗai ne ke aikinsa.

Kowa ya gaya wa direbansa wannan: in allura ta tashi, ya tsaya a gefe ya kashe inji. Kada ya buɗe murfi sai tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannu, domin ruwan da ke digiri 115 a ƙarƙashin matsi, da an buɗe zai yi tsalle ya sale fuska. Kada kuma ya kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, alminiyam yana lanƙwashewa.

Aiki

1. Ruwan inji yana digiri 92, zafin gari 44. Nawa ce tazarar? In da safe zafin gari ya sauka zuwa 18, nawa ta zama?

2. Mota tana cin lita 9 na ruwa, kulan ɗin da aka sayo sai an haɗa shi rabi da rabi. Lita nawa na kulan za a zuba?

3. Wata mota da aka canja wa inji ba ta zafi a cunkoson Kano, amma da ta wuce Kwanar Dangora a guje sai allura ta tashi. Faɗi abubuwa uku da za ka fara dubawa, da dalilinka.

4. Mai mota ya ce lallai sai ka cire masa tamostat. Rubuta abin da za ka gaya masa cikin jimla huɗu.

Mako mai zuwa kowa ya zo da tsohon tamostat ɗaya da murfin lagireto ɗaya daga garejinsu. Za mu ɗora tukunya a bakin aji mu gwada su ɗaya bayan ɗaya.